Littafin da Masta Ya Kulle a Kabad

Ku da kuke kishingiɗe a kan tabarma ku danna waya sau uku ku ce kun cike fom ɗin jarrabawa, na san kuna ganin aikin da na yi ba sana'a ba ce. Wani daga cikinku ma ya taɓa tambayata, wai da gaske ana biyan mutum albashi don kawai ya gaya wa ɗalibi darussan da zai ɗauka. Ana biya, ko da yake ba wani abin kirki ba. Ku gyara zama ku ji yadda ake yin sa.

A Fagge aka haife ni. Kakana ne ya zo daga Borno da fataucin kanwa, ya ga wuri ya zauna, shi ya sa har yau ake ce mini Bukar. Na gama makarantar midil a shekarun nan na kafin samun mulkin kai, ban sami wucewa gaba ba, sai mahaifina ya kai ni wurin wani Ibo mai suna Masta Nwosu, ya ce a koya mini aikin akawu. Masta yana da makarantar kuɗi a Sabon Gari, ɗaki huɗu da rufin kwano, inda ake shirya samari don jarrabawar gama sakandare. A lokacin daga Ingila ake aiko takardun tambaya, can kuma ake mayar da amsoshi a duba. Masta ya daɗe a Kano, Hausarsa ras, kuma mutum ne mai tsafta har ta yi masa yawa. Kujerar baƙi ma lulluɓe take da mayafi, ba a buɗe ta sai baƙon ya kai a buɗe masa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne jan layi. Wata uku cur ina jan layi da rula a kan farar takarda, in tawada ta ɗiga ya yage ya ce in sake. Ban san amfanin wannan wahala ba sai da ya fara koya mini jadawali. Kowane ɗalibi yana da layinsa, kowane darasi yana da gidansa, kuma in hannunka ya karkace kaɗan, sai ka rubuta wa ɗan wani Latinanci alhali Larabci ya ce. Kayan aikina ba su da yawa: rula ta katako, alƙalami mai tsinke, baƙar tawada da ja, takardar shan tawada, da wata tsohuwar tafireta wadda harafi ɗaya ya karye mata, sai in bi da alƙalami ina cikewa. Amma uban kayan aiki shi ne littafin ƙa'idoji, ɗan siriri mai shuɗin bango, wanda masu jarrabawa suke aikowa ta gidan waya. Masta ya sa na haddace shi kamar karatun allo.

Ga abin da ke ciki a taƙaice. Ba a ba ka satifiket sai ka ci darasi shida a zama ɗaya. Dole Turanci ya kasance cikinsu. Sauran kuma ba tsinta za ka yi yadda ka ga dama ba, an kasa su gida-gida, sai ka ɗauko daga nan ka ɗauko daga can. Ka ci biyar ka faɗi ɗaya, to, biyar ɗin nan sun bi ruwa, baɗi ka dawo ka sake duka. Ka ci bakwai ka faɗi Turanci, kai da wanda bai shiga ɗakin jarrabawa ba ɗaya kuke. Wanda kuma yake son wucewa jami'a, sai an duba tun shekara biyu kafin nan abin da jami'ar take nema, don in ya ɗauki hanyar da ba ita ba, ba ya juyawa. Saboda haka dabarar sana'ar ita ce ka san ɗalibi, ka san inda ƙarfinsa yake, ka jera masa shida da zai iya, ka ƙara masa na bakwai don tsaro.

Ɗalibi dai ba shi da wuyar sani. Uban ɗalibi shi ne aiki.

Na tuna wani mai gyaran keke da ya zo ya ce a sa wa ɗansa dukan darussan da ke cikin littafin, tunda kuɗin makaranta ɗaya ne. Na tuna wata mai sayar da garin rogo a kasuwar Sabon Gari da ta ce ita lauya take so, don ta ga lauya ya yi wa ɗan sanda tsawa ba abin da ya same shi. Masu son lauya sai su nace a kan Latinanci, wanda malaminmu yake gaba da ɗalibai da shafi ɗaya tak. Ranar da iska ta kwashe masa shafin sai a yi bita. Akwai kuma darasin Hausa, wanda iyaye suke ganin cin fuska ne a sa wa ɗansu, alhali mun sha ganin Bahaushe ɗan Bahaushe ya faɗi Hausa a hannun Baturen da bai taɓa cin tuwo ba.

Amma wanda ba zan manta ba shi ne Alhaji Modu. Ɗan unguwarmu ne a Fagge, abokin mahaifina, yana da rumfar yadi a Kantin Kwari, yana sarin atamfa da alawayyo a hannun Kwara, Larabawan nan masu manyan kantuna. Ya zo da ɗansa Lawan wata ranar Litinin da hantsi. Masta ya leƙa ya ga babbar riga, ya yi mini ido, na buɗe kujerar baƙi. Alhaji bai yi dogon bayani ba, ya ce likita yake so. Ya ce ya je asibiti ya ga wani ɗan saurayi da farar riga ya ce wa wani babban attajiri ya tuɓe riga, attajirin ya tuɓe, ya ce ya buɗe baki, ya buɗe. Tun daga ranar ya san sana'ar da ta fi yadi.

Na zaunar da Lawan na gwada shi kwana uku. A lissafi ba ya jiran alli, da ka yake yi, don tun yana ƙarami yake auna yadi a rumfa. Larabci kuwa ya yi nisa a wurin malaman zaure. Turancinsa ba laifi. Da na tambaye shi batun likita, sai ya sunkuyar da kai ya gaya mini cewa ko ragon layya ba ya iya tsayawa a yanka a gabansa, ranar Sallah bayan gida yake komawa har a gama fiɗa. Ya roƙe ni kada in gaya wa Alhaji. Mu kuma makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Kimiyyarmu a allo take. Malamin ya kan zana kwalba da alli, ya zana wuta a ƙarƙashinta, ya ce wa ɗalibai su lura ruwan ya fara tafasa.

Na jera wa Lawan Turanci, lissafi, Larabci, Hausa, labarin ƙasa da tarihi. Da waɗannan zai iya shiga jami'a ya karanci harsuna ko shari'a. Na kai wa Alhaji takardar har rumfa na karanta masa. Da na zo kan Larabci da Hausa sai ya ɗaga hannu.

"Malam Bukar, Larabci a zauren gidanmu ake koyar da shi, Hausa kuwa uwarsa ta ba shi kyauta. Na kai shi Sabon Gari ne a sayar mini da abin da nake da shi a gida?"

Na yi masa bayanin gida-gida da darasi shida, na ce abin da yaro ya iya shi ne zai ɗauki nauyin abin da bai iya ba. Ya saurara yana murza bakin wani yadi da yatsu, daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi: na bakwai ɗin dole ya zama darasin likitoci. Haka na cire darasin da na tanada don tsaro na sa ilimin halittu, ina sane da cewa Lawan ba zai ci ba. Wato ya zama shida ne cif, ba abin da zai tare shi in ƙafa ɗaya ta zame. A duk shekara biyun da Lawan ya yi yana shiri, sau ɗaya aka feɗe ƙadangare a aji, Lawan kuwa ta taga ya fita.

Aikin aika fom shi ne mafi nauyi a shekara. Kowane fom sai a buga shi kofi uku da takardar kabon, a duba suna harafi-harafi, don in an rubuta Lawal maimakon Lawan, satifiket ɗin na wani ne. Shekarun haihuwa kuwa mu muke yanka wa mutane. Uba zai ce an haifi yaro shekarar da fari suka zo, Masta ya dubi haɓar yaron, in gemu ya fara fitowa ya aika shi wurin wanzami, sannan ya rubuta sha bakwai. A shekarar da nake ba ku labari mun aika fom ɗin mutum goma sha tara, na kai ambulan gidan waya da hannuna, na dawo ina jin na ƙware.

Saura wata uku jarrabawa, Masta ya aike ni in ɗauko masa kwalbar jar tawada a kabad ɗinsa. Ba kasafai yake ba ni makullin ba. A cikin kabad ɗin yake ajiye duk abin da yake ganin ya fi ƙarfin amfani: kofunan shayi da ba a taɓa sha da su ba, sabon rula, agogon bango da ke cikin kwalinsa. A ƙarƙashin agogon sai na ga littafin ƙa'idoji, shuɗi fes, ko lanƙwasa babu. Namu na kan tebur ya tsufa, bangonsa ya yi baƙi da gumin hannu. Na buɗe sabon don in ji ƙamshin takarda kawai, sai idona ya faɗa kan shafin tarihi.

An sauya zangon da za a tambaya. Shekara biyu ɗalibanmu suna haddace labarin wani sarkin Ingila mai mata shida, wadda ya saka da wadda ya sa aka kashe, da 'ya'yan da suka gaje shi. Sabon littafi ya ce a bana ba wannan za a tambaya ba, za a tambayi zamanin da aka ƙirƙiro injunan saƙa da jirgin ƙasa, ɗaruruwan shekaru bayan sarkin ya mutu. Littafin ya iso tun bara waccan. Masta ya ga bango iri ɗaya, ya ga sabo ne, ya ce a ci gaba da tsohon kada wannan ya yi datti.

Na kai masa na buɗe shafin na ajiye a gabansa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Sannan ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya ce kada kowa ya ji. Za a kira malamin tarihi a fara sabon zango daga gobe, a ce wa ɗalibai ƙarin ilimi ne. In an ci, shi ke nan. In an faɗi, dama Bature ya saba kayar da mutane. Na ce masa sha biyar cikin sha tara suna ɗauke da tarihi, kuma iyaye za su ji ko ba jima ko ba daɗe. Ya ce ni akawu ne, aikina layi, in bar masa iyaye.

Kwana biyu na yi ina jan layi yana karkacewa. A rana ta uku, da aka tashi, maimakon in miƙe gida sai na bi ta titin da yanzu kuke kira Ibrahim Taiwo na shiga Kantin Kwari. Na tarar da Alhaji yana kwance dilar yadi. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa komai, har da cewa ni ne mai haddace littafi, kuma ban taɓa tambayar ko akwai sabo ba. Ya bar dilar ya zauna. Abin da ya fara tambaya shi ne, wai da gaske mata shida sarkin ya aura. Na ce ɗaya bayan ɗaya ne. Ya ce duk da haka, shekara biyu ɗansa yana bin diddigin auren wani. Da na gaya masa sabon zangon na injunan saƙa ne, sai ya jawo wani yadi ya nuna mini hatimin da ke bakinsa.

"Wannan daga can ya fito. Shekara ashirin ina sayar da shi. Da kun tambaye ni ai da na koya masa."

Bai zage ni ba. Ya tambaye ni ko za a iya cire tarihin a sa wani abu, na ce fom ya riga ya hau jirgin ruwa. Ya tambaya ko darasin likitoci zai cece shi. A nan ne na gaya masa labarin ƙadangare da taga. Sai ya ce in tafi, Allah ya kai mu.

Kafin la'asar ɗin washegari labari ya gama Fagge ya shiga Sabon Gari. Iyaye suka cika harabar makaranta. Masta ya fito da kwat ɗinsa ya yi jawabi da Hausa, ya maimaita da Ibo, ya rufe da Turanci, a cikin harsunan uku kuma laifin gidan waya ne. Ni bai yi mini magana ba har sati biyu. In yana son abu sai ya rubuta a takarda ya ajiye a kan tafireta.

Wata ukun nan mun yi abin da za mu iya. Littafin sabon zangon kwafi ɗaya muka samu, a hannun wani akawun jirgin ƙasa, sai na riƙa buga shi babi-babi da kabon har yatsuna suka yi shuɗi, kofi na huɗu ba ya ko karantuwa. Malamin tarihi yana koyo da safe yana koyarwa da rana. Lawan ya yi ƙoƙari, amma da ya fito daga jarrabawa ya gaya mini cewa tambaya biyu kaɗai ya gane, a ta uku sai ya ga fili ya yi yawa, ya cike da matan sarki.

Sakamako ya zo da zafin bazara. Ni na buɗe ambulan. Cikin sha tara mutum huɗu suka sami satifiket, kuma duka huɗun ba su ɗauki tarihi ba. Lawan ya ci Turanci, ya ci Hausa da labarin ƙasa, lissafi da Larabci kuwa ya yi fice. Ya faɗi tarihi, ya faɗi ilimin halittu. Biyar ke nan. A ƙa'idar littafi, kamar bai taɓa zuwa makaranta ba. Ya tsaya a bakin ofis na karanta masa, ya ce in sake ƙirgawa, na sake, ya juya ya tafi.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Rabin ɗalibai suka watse, ɗaki biyu muka rufe, malamin Latinanci ya koma sayar da magani a tasha. Wata safiya Masta ya kira ni, da bakinsa wannan karon, ya ciro makullin kabad daga aljihu ya ajiye a kan teburina. Ya ce daga yau duk abin da ya zo daga gidan waya ni zan fara buɗewa. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban sa ran zai ce ba.

Na ɗauka Alhaji ya gama da mu, sai ga saƙo wai in je rumfa da sabon littafin. Na tarar ya tara maƙwabtansa 'yan kasuwa, sun zauna a kan diloli, Lawan yana tsaye a gefe. Alhaji ya ce Lawan zai sake zama, amma kafin nan sai na karanta littafin nan daga bango zuwa bango ina fassarawa, don ba zai sake sayen kaya a cikin dilar da ba a kwance ba. Na yi kwana uku ina zuwa bayan azahar. Suna tsayar da ni suna muhawara, wani ya ce wannan sharaɗi zalunci ne, wani ya ce a'a, haka Bature yake ko a ciniki. Da muka zo kan darasi na bakwai, Alhaji bai dubi kowa ba, ya ce a tambayi mai karatun. Lawan ya ce ƙarin lissafi yake so. Alhaji ya ce a rubuta.

A shekara ta gaba Lawan ya ci bakwai ɗin duka, jami'a a kudu ta ba shi gurbin karatun shari'a. Satifiket ɗin ya yi wata da watanni kafin ya iso, ni na kai shi Kantin Kwari a cikin ambulan ɗinsa. Alhaji ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya murza gefensa da yatsu biyu yadda yake yi wa shadda, ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana, ya ce takardar ba ta da kauri yadda ya zata, sai an sa mata gilashi. Ya sa na nuna masa sunan Lawan, na nuna. Ya tambayi sa hannun da ke ƙasa, na ce na wasu Turawa ne da ba su taɓa ganin Lawan ba. Ya juya bayan takardar ya ga fari fat.

"To, kai ina naka sunan?"

Na ce ba a sa sunan akawu, Alhaji.

Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma bai taɓa ganin rigar da aka rubuta sunan tela a jikinta ba. Sannan ya jawo farin yadi, ya auna mini kamu biyar ba tare da ya ja shi ya miƙe ba, ya yanka. Duk Kantin Kwari an san Alhaji Modu ba ya auna yadi a sake har mai saye ya ƙaru, ko da surukinsa ne. Na naɗe abina a hammata na koma Sabon Gari, don fom ɗin wata shekara yana jirana a kan tafireta.